Kwat Ɗin da Aka Yanka Daga Abayata

Ni ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na gani shi ne na wajen Fau, shi ma ta tagar mota, muna kan hanyar gaisuwar rasuwa. A Gadarif aka haife ni, a nan aka yi mini aure, kuma in ba biki ko rasuwa ba, ƙafata ba ta wuce bakin ƙofa. Amma in ka tambaye ni irin kayan da ake sawa a ci abincin dare a babban jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa, zan gaya maka tun daga takalmi har wuya. A tsakar gidana na koya, a shekarar da yaƙi ya koro mana mutanen Khartum.

Cikin waɗanda suka sauka a wurinmu akwai ƙanena, autanmu, da matarsa. Ni na goye shi, ni na yaye shi, shi ya sa har ya yi furfurar gemu ban daina yi masa kallon yaro ba. Shekaru da yawa yana aiki a wani babban otal a bakin kogi. Jarson ne, wato mai kai wa baƙi abinci a tebur. Ya zo mana da abin da ke jikinsa kawai: farar riga mai maɓalli, wando, da baƙin takalmi sau-ciki. Sauran duk suna can, in ma suna nan.

Abin da na fara lura da shi takalmin nan ne. Kowa ya san taɓon Gadarif da damina, baƙi ne mai kama ƙafa kamar ƙaro. Mutumin nan ba inda za shi, amma kullum da safe sai ya zauna bakin gado ya goge takalmin da tsumma har ya ɗauki ido, ya ajiye shi a ƙarƙashin gado, ya sa silifas ɗin maigidana ya fito rumfa ya zauna. Ba ya magana sosai. In na kawo shayi sai ya karɓi faranti daga hannuna ya jera kofunan, hannuwansu duk suna kallon gefe guda, sannan ya koma ya zauna.

Maigidana wakili ne a wani gandun riɗi da dawa a Fashaga. Shi yake zuwa kasuwa ya ɗebo ma'aikata, ya loda su a lori ya kai su gona. Tsakaninsa da ƙanena akwai wasan nan na miji da ƙanin mata, ba ya kiransa da komai sai Afandi, wato ɗan birni mai aikin ofis.

"Afandi, riɗi ya kusa nuna," in ji shi wata rana muna cin kisra. "Riɗi kuwa ba ya jiran kowa, in ka makara ya fashe ya zube. Na ajiye maka wuri a lorin Alhamis. Lauje ba shi da nauyi, bai kai farantinka ba."

Ƙanena ya ce, "Na gode, Alhaji." Ya dubi tafin hannunsa. Ni ma na duba. Hannu ne mai laushi kamar na mai jego. Na san ranar farko zai yi bororo, ta biyu ya fashe. Amma ba hannun ne ya fi damuna ba. Na ga kamar in ya hau lorin nan, wani abu zai mutu a cikinsa wanda ba zai sake tashi ba.

Ana cikin haka wani abokin aikinsa na da ya kira shi a waya. Shi ya daɗe da samun aiki a jirgin ruwa, irin wanda ba kaya yake ɗauka ba, mutane ne kawai suke biya a yi ta yawo da su daga gari zuwa gari suna ci suna barci. Ya ce ana neman jarson masu jin Larabci, ya ba da sunansa, kuma wata mata za ta kira shi ranar Laraba bayan azahar, irin kiran da ake ganin juna. Sharaɗi ɗaya ne: ya bayyana cikin kayan daren ado.

Na ce, "Mene ne kuma daren ado?"

Ranar ce na fara jin bakin ƙanena ya buɗe tun zuwansu. Ya ce a jirgin kowane dare da irin kayansa, amma akwai dare na musamman da kyaftin, shugaban jirgin, yake fitowa ya ci abinci tare da baƙi. A daren, maza baƙin kwat suke sawa da farar riga, da ɗan ɗaurin wuya baƙi mai kama da malam-buɗe-littafi. Mata kuma doguwar riga har ƙasa. Masu hidima ma dole su fito tsaf, har su fi baƙin. A bakin ƙofar ɗakin cin abincin akwai mai tsayawa, in ya ga mutum da gajeren wando ko silifas sai ya rusuna ya ce masa don Allah ya koma ya sake shiri, ko ya hau sama inda ake ɗiba da kai.

Maigidana ya ajiye loma. "Tsaya, Afandi. Mutum ya biya kuɗinsa, yunwa ta kawo shi bakin akushi, a ce masa koma saboda takalmi?"

"Haka tsarin yake, Alhaji."

"Mu nan ko mahaukaci ya gifta muna ci, sai mun ce masa itfaddal, bismilla. Wannan wurin za ka? Kuma na san ba shayi kaɗai suke sha ba."

"Na gaya wa abokina, ni ɓangaren abinci nake so. Masu kawo abin sha daban suke."

"To. Lori dai Alhamis ne."

Sai neman kwat. Matar ƙanena ta zaga kasuwa har ƙafarta ta kumbura. Na shaguna irin na angwaye ne, masu ƙyalli, shuɗi da ruwan toka, kuma kuɗinsu ba na wanda ya baro gidansa da riga ɗaya ba ne. A wurin masu gwanjo ta samo baƙin wando mai kyau, amma kwat ɗin da ta gani duk gajeru ne, shi kuwa ƙanena dogo ne kamar giginya. Da ta dawo tana ba ni labari tana share ido da gefen mayafi, sai na tuna da abayata.

'Yata ce ta aiko mini da ita daga Jidda, baƙa wuluk, yadi mai nauyi marar ƙyalli. Tun da ta zo tana cikin akwati, don ina zan je da ita? Ni kuma Allah ya yi ni da jiki, abayata ɗaya za ta yi wa mace biyu. Na fito da ita na shimfiɗa a kan gado. Ƙanena ya murza yadin da yatsa, ya ɗaga shi a rana, ya daɗe yana kallo.

"Yaya, kayan mata ne fa."

"Yadi bai san mace ba, bai san namiji ba. Almakashi ne yake gaya masa."

Maigidana da ya ji, dariya har da tari. "Da ta goya ka a bayanta, yanzu kuma za ka shiga rigarta. Afandi, kai dai ba za ka fita daga jikin matar nan ba." Amma shi ne ya ce a kai wa telansa, wani dattijo a bayan masallacin unguwa, wanda ya yi masa ɗinkin jallabiya tun kafin aurenmu. Ƙanena ya je ya nuna masa hoton kwat a waya, tela ya gwada shi da kyau, ya ce ranar Talata a zo a karɓa.

Ni kuma na ɗauki farar rigar nan da ya zo da ita. Hanya ta ci ta, wuyan ya yi ja-ja. Na wanke ta da sabulu, na sake wankewa, sannan na yi mata abin da kowace mace a garin nan take yi wa farin kayan mijinta in tana son a san yana da mata a gida: na tsoma ta a ruwan zahra, shuɗin nan da ke sa fari ya fito. Da yake rigar ta sha wuya, kuma rana ce babba, na ƙara hannu.

Talata da la'asar kwat ya iso. Ɗinki dai tsaf, ba zare ko ɗaya da ya leƙo. Ƙanena ya zura hannu ya sa. Kafaɗun suka sauko masa har dantse, gaban kuwa da mun so da ni ma na shiga mun rufe maɓalli. Ya koma wurin tela da shi a jiki, ni ma na yafa mayafi na bi shi, abin da ya sa maƙwabta leƙowa.

"Baba, ba haka na nuna maka ba."

"Na ga abin da ka nuna mini, ɗana," in ji tela, bai ko ɗago daga kan keke ba. "Na gwada ka, sannan na ƙara maka taki ɗaya kowane gefe, yadda nake yi wa kowa. Wancan na hoton yadi ne bai ishe shi ba. Kai magidanci ne, ba ka fita gaban mutane da abin da ya kama ka kamar fatar ganga. Ina iska za ta bi? In salla ta kama ka, yaya za ka yi ruku'u?"

"A can haka ake so, ya zauna a jiki."

"To, ka kawo gobe da yamma in rage, in dai ka nace. Da asuba za ni Fau, an yi mana rasuwa."

Gobe da yamma kuwa an riga an gama komai. Muna shiga gida matarsa ta ɗauko rigar daga igiya ta miƙa masa. Ya karɓa, ya juya ta, ya dube ni.

"Yaya, me kika sa mata?"

"Zahra mana. Ba ka ga yadda ta fito ba?"

Ya ɗauko farin farantin tangaran ya ɗora a kanta. To, kusa da farantin, gaskiya ta ɗan yi kalar sama. Ya ɗauke ta hoto da waya ya nuna mini, a cikin wayar kuwa sai ta koma shuɗiya sosai, kamar rigar 'yan makaranta. Ni dai har yau a idona fara ce, farin da ake zuwa Juma'a da shi. Amma ya ce farin jirgi daban ne, farin madara suke so. Muka sake ɗauraye ta, shuɗin ya fita a wani wuri ya zauna a wani, ta zama dabbare-dabbare. Ta fi da muni.

Laraba da hantsi ina tankaɗe a bayan zana, maigidana yana kishingiɗe a rumfa ya rufe fuska da hula kamar mai barci. Ƙanena da matarsa suna ɗakinsu, sun rage murya, amma ni kunnena ba ya barin magana ta wuce.

"Ka kira abokinka ka ce a ɗaga ranar," in ji ta.

"Ba a ɗagawa. Mutane nawa ne a layi? Zan ce musu na fasa. Gara su ce bai zo ba, da su gan ni a haka. Shekara da shekaru ban taɓa tsayawa gaban baƙo da tabo a riga ba."

"To, sai me?"

"Sai lori. Ki ba wa wani takalmin nan, ko ki sayar. Ba ni da sauran abin yi da shi."

Na tsaya da rariya a hannu. Sai na ji gadon rumfa ya yi ƙara. Maigidana ya tashi ya shiga ɗakinmu, na ji ya buɗe akwatinsa. Ya fito da sabon rawaninsa, wanda ya saya ya ajiye don Babbar Salla, ko ruwa bai taɓa gani ba, balle zahra. Fari ne irin na madarar da ake faɗa. Ya jefa mini shi a cinya.

"Yanka ki rufe masa gaban rigar. Dama ya yi mini tsawo."

"Alhaji, rawani ne fa."

"Na ce yanka. Afandi, fito ka daina yi wa mata kuka a ɗaki. In za su ƙi ka, su ƙi ka kana tsaye."

Ban taɓa ɗinki da sauri irin na ranar ba. Yadin rawani shara-shara ne, sai da na ninka shi kafin shuɗin ya daina leƙowa. Na rufe ƙirjin rigar da wuyanta da bakin hannuwa, iyakar inda kwat ba ya rufewa, matarsa tana zura mini zare a allura. Daga ragowar abayar ƙanena ya yanke wani siriri ya ɗaura a wuyansa da kansa, ba madubi, yatsunsa suna tafiya kamar masu tuƙa igiya, sai ga malam-buɗe-littafi ya zauna daram. Saura faɗin kwat, ga azahar ta kawo kai. Na tsaya a bayansa na tattaro yadin da hannu, sai gaban ya zauna a jikinsa kamar a kansa aka halicce shi. Na ce wa matarsa ta kwaso mini 'yan itatuwan nan masu baki da muke maƙale wanki da su a igiya. Na jera masa su tun daga tsakanin kafaɗa har ƙugu.

"Ai gabanka za ta gani," na ce. "Kada dai ka juya."

Ya sa baƙin wandon, ya sa takalmin. Na ce ai waya ba za ta kai ƙafa ba. Ya ce, "Ni zan san ban sa ba."

Wurin da waya ta fi kamawa a gidanmu shi ne jikin katangar baya, kusa da turken awaki. Ba za a nuna wa mutanen jirgi awaki ba, sai muka ce a rataya farin zanen gado. Abin maƙalewa kuma duk yana bayan ƙanena. Haka ni da maigidana muka kama bakin zanen, shi can ni nan, muka miƙe hannu sama muka ɓuya a gefe. Matarsa ta riƙe waya.

Matar da ta kira ba yarinya ba ce, daga muryarta na gane. Larabcinta irin na mutanen Sham ne, tana yi tana haɗawa da Turanci, ƙanena yana amsa mata da duka biyun. Muryarsa ma ta sauya, ta yi ƙasa-ƙasa, a natse, ban taɓa jin sa da ita ba. Ta tambaye shi otal ɗin da ya yi aiki, da abin da zai yi in baƙo ya zo daren ado ba shiri. Ya ce zai gaya masa a kunne, ba a gaban matarsa ba. Na ji ta ce, "Kwayyis," wato da kyau. Hannuna ya fara sanyi saboda ɗagawa, amma zuciyata ta fara kwanciya.

Sai ta ce, "Akwai faranti kusa? Ka cika kofuna da ruwa, ka tafi da su nesa kaɗan ka dawo. Ina so in ga tafiyarka."

Farantin shayinmu yana nan a kan kujera, an zuba ba a sha ba. Ƙanena ya ɗauka a kan yatsun hannu ɗaya. Ni da maigidana muka dubi juna ta bayan zane. Na ɗauka zai ja da baya ne yana fuskantarta. Bai yi haka ba. Ya ɗan rusuna mata, ya juya, ya ba ta baya da duk abin da ke jere a kai, ya taka a hankali har bakin rumfa. Wajen juyowa ɗaya daga cikin itatuwan ta ɓalle, ta yi tsalle ta bugi maigidana a kunci. Bai saki zane ba. Ƙanena ma bai waiwaya ba, ya dawo ya tsaya inda ya tashi, shayin ko rawa bai yi a kofi ba.



"Mene ne wannan a bayanka?" in ji matar.

"Na shanya ne, ranki ya daɗe. Kwat ɗina yana Khartum. Wannan abayar yayata ce, gaban rigar kuma rawanin mijinta ne."

"Su ne suke riƙe da zanen? Ina ganin yatsu."

"Su ne."

Ta yi dariya, ba irin ta raini ba. Ta ce a gaishe mu, mu sauke hannu haka nan. Sannan ta ce masa a jirgi akwai mai ɗinki, za a ba shi kwat daidai jikinsa, amma ba za a fara ba shi tebur nasa ba, zai fara ne a matsayin mataimaki. Ya yarda? Ya ce ya yarda.

Da aka kashe waya maigidana ya saki zane yana murza kunci. "Afandi, ka ga har jini ka kusa fitar mini. Kawo shayin nan, tunda ka iya ɗauka."

Takardu ba su fito da wuri ba, sai da aka yi watanni ana kai da kawowa tsakanin nan da Bur Sudan. Ranar Alhamis ɗin ƙanena da kansa ya hau lori, ya ce ba zai zauna yana jira a rumfa ba. Hannun ya yi bororo ya fashe kamar yadda na zata, amma ya dawo yana ba mu labarin 'yan gona yana dariya. Takalmin ya bar mini shi ajiya, ya ce in riƙa goge masa.

Yanzu yana can. Yakan aiko mini da saƙon murya, don ya san karatuna bai yi nisa ba, in saurara in sake saurara ina tsince wake. Ya ce a daren ado fitilu ma sauya su ake yi, kuma akwai tsofaffin da ke zuwa da kwat ɗin aurensu wanda maɓallinsa ba ya rufuwa, ba mai ce musu komai. Ya ce wanda ya zo da cikakkun kayan ƙasarsu ma ba a mai da shi, ya ga wani dattijo da farar jallabiya da rawani an raka shi har teburin kyaftin.

Da na sa wa maigidana wannan ya ji, sai ya ce, "Ashe ni za su bar ni in shiga."

Na ce, "Da wane rawanin?"

Kwat ɗin yana akwatina. Tela ya dawo daga Fau ya ce a kawo ya rage, ƙanena ya ce a bar shi yadda yake. Angwaye biyu a unguwar nan sun are shi, dukansu masu jiki ne, ya kuwa zauna musu daidai.